Ɗan Kwangilar da Ba a Sallama

Na san Mai-Rufi tun yana hawa kan gini da kansa, guduma a ƙugu, ƙusoshi a baki. A lokacin ba mugun mutum ba ne. Kafinta ne mai hannu, yana da ɗan kamfanin rufin kwano da ma'aikata kaɗan, ƙaninsa Dogo ne ke tsaya masa a kansu. Yana da mata mai haƙuri, da 'ya ɗaya da kowa ke kira 'Yar Baba, don ba ta cin abinci sai ya dawo. Abu ɗaya ne ke cinsa a rai: motar wani ba ta wucewa bai bi ta da ido ba har ta sha kwana.

Wata rana ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya zame daga kan rufi ya karye a baya. Asibiti ya cinye ribar shekarar. Ran Mai-Rufi ya ɓaci ƙwarai, ya tafi wajen wani lauya abokinsa yana ƙorafi.

Lauyan ya yi dariya ya ce, "Kai ka jawo wa kanka. Wa ya ce ka ɗauke su ma'aikata? Ma'aikaci nauyinka ne. Albashi, hutu, magani, kuɗin sallama, duk a wuyanka. Ka mai da su 'yan kwangila mana."

"Mene ne bambancin? Ba guduma ɗaya suke bugawa ba?"

"Ɗan kwangila mai cin gashin kansa ne. Shi zai zo da kayan aikinsa, shi zai tsara lokacinsa. Kai abin da kake so a gama kawai za ka faɗa, ba ka da ikon gaya masa yadda zai yi. In ya ga dama ya kawo wani ya yi a madadinsa. In ya faɗo, kansa ya faɗo wa. Sai dai ka kula da abu biyu: ka faɗi inda aikin ya ƙare, ka kuma sa sharaɗin yadda za a rabu. In ba haka ba, ba ka korarsa a tsakar aiki."

Rabin farko na maganar ne ya shiga kunnen Mai-Rufi. Kafin wata ya ƙare ya sallami kowa ya sake ɗaukarsu a matsayin 'yan kwangila. Dogo ya ce masa, "Yaya, mutanen nan da su muka tashi fa." Ya ce, "Ai ban hana su aiki ba. Nauyi kawai na sauke."

Ya ɗanɗana daɗin samu ba tare da ɗaukar nauyi ba, kuma daɗin bai ishe shi ba. Manyan ayyuka suna ta wuce shi zuwa hannun wasu. Wani dillalin filaye da ya ga yadda idonsa ke ja in ana zancen ayyukan, shi ya ja shi gefe ya yi masa kwatancen wurin wani boka.

Da tsakar rana ya je, rana tana dukan ƙeya. Wurin yana bayan wata tsohuwar masana'antar bulo da aka daina aiki a cikinta, ɗaki ne guda babu taga. Kwanon rufin ya yi tsatsa ya huhhuje, haske yana saukowa ta hujojin kamar allurai. A tsakiyar ɗakin an binne wata baƙar tukunya har wuya, an rufe bakinta da jan ƙyalle da ya yi tauri saboda abin da ya sha. Ƙudaje sun lulluɓe ƙyallen, amma ko ɗaya ba ya ƙara. A bayan tukunyar akwai wani gungumen itace tsaye, an buga masa ƙusoshi tun daga ƙasa har sama, babu masakar yatsa. Ɗakin yana warin tsohon jini da turare, ga wani sanyi da bai dace da wannan rana ba.

Bokan ɗan ƙaramin mutum ne mai tsabtar tufafi, yana zaune yana yanke farce. Bai ɗago ba ya ce, "Arziki kake so. Kowa shi yake so. Tambayata ɗaya ce. Wanda zai yi maka aikin, a matsayin me za ka ɗauke shi? Yaron gida ko ɗan kwangila?"

Gaban Mai-Rufi ya faɗi, don bai gaya wa mutumin sana'arsa ba. Ya daure ya ce, "Yi mini bayani, malam."

"In yaron gida ne, za ka ware masa ɗaki a gidanka. Duk mako ka yanka masa dabba da hannunka. Ba ka tafiya ka bar shi da yunwa. Shi kuma abin da ka ce shi zai yi, in ka ce bari ya bari. Arzikin zai zo, amma a hankali."

"In ɗan kwangila ne fa?"

"Ba ɗaki, ba yanka, ba ruwanka da cinsa. Kuma yana da sauri. Amma shi ke zaɓar lokacinsa, shi ke nemo kayan aikinsa, ba ka tambayarsa yadda ya yi."

Mai-Rufi ya yi murmushi, ya ji kamar an shigo gonarsa. "Ladansa fa?"

"Yana cirewa a cikin aikin. Ba za ka taɓa sa hannu a aljihu ba."

"To ai magana ta ƙare. Ɗan kwangila."

Sai a lokacin bokan ya ɗago ya dube shi. "Ka yi tunani. Yawancin masu zuwa nan yaron gida suke ɗauka."

"Don ba su san harka ba ne. Ni ba na ciyar da ƙato."

Bokan ya tashi ya yanka wani baƙin bunsuru a bakin tukunyar. Jinin ya bi ƙyallen ya shige, ba a ji saukarsa ba, kamar tukunyar ba ta da gindi. Ya tsaga babban yatsan Mai-Rufi ya shafa jinin a jikin wata doguwar ƙusa, ya miƙa masa ita da guduma.

"Gaya masa inda zai yi aikin."

"Gidana."

"Da abin da ke ciki?"

"Da duk abin da ke ciki."

"Har ina aikin zai kai?"

Mai-Rufi ya yi dariya. "Wa ke yi wa arziki iyaka? Ya yi ta yi kawai."

Bokan ya nuna gungumen. Mai-Rufi ya nemi ɗan wuri ya kafa ƙusar. Bugu ɗaya ya yi ta shige har kai, kamar nama ya buga wa. Daga saman rufin, wani abu mai nauyi ya yi taku biyu ya tsaya.

Aiki kuwa ya zo kamar ruwan sama. Rukunin gidaje, manyan shaguna, makarantu, duk shi ake nema. Waɗanda suka fi shi ƙarfi sai su janye ba dalili. Ya sayi motoci, ya gina gida mai bene da dogon bango, ya daina hawa rufi, ya koma zama a ofis mai sanyi. Matarsa ta samu cikin da suka daɗe suna roƙo. In ka gan shi a lokacin sai ka ce duniya ta gama yi masa komai.

'Yar Baba ce ta fara magana. Ta dawo daga makaranta ta ce, "Baba, wa ka sa gyara a samanmu? Kullum da rana ina jin ana tafiya, ana jan awo." Ya ce zafi ne ke sa kwano ƙara. Amma shi ma ya ji. Ya san ƙarar tef ɗin awo in an sake shi ya koma gidansa.

Wata rana Dogo ya zo cin abinci, ya sunkuya zai wanke hannu, sai matar Mai-Rufi ta ce, "Ƙanina, wa ya yi maka zane a wuya?" Jan alli ne, layi ɗaya da ɗan gicciye, irin alamar da kafinta ke yi wa katakon da ya zaɓa zai yanka. Dogo ya goge yana dariya, ya ce yaran wurin aiki ne da wasa. Alamar ba ta fita ba. Ana cikin makon ya zauna a inuwa a wurin aiki ya ce bari ya huta, bai sake tashi ba. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Waɗanda suka ɗauki gawar sun ce ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar an kwashe abin da ke ciki.

Ana zaman makoki aka kira Mai-Rufi a waya aka ba shi aikin da ya fi duk wanda ya taɓa samu. A nan ya gane mene ne kayan aikin, ya kuma gane inda ake nemo su.

Washegari ya koma bayan masana'antar bulo. Bai yi sallama ba ya faɗa ɗakin.

"Ka gaya masa ya tsaya. Na sallame shi."

Bokan ya ce, "Yaronka ne da za ka sallame shi? Na tambaye ka, ka zaɓa."

"To na sauya. Zan ba shi ɗaki, zan yanka masa sa kullum. Ko me yake so."

"Bai nemi aiki a wajenka ba. Kwangila ka ba shi, kuma bai gama ba."

"Yaushe zai gama?"

"Kai za ka tambaya? Na ce har ina, ka ce ya yi ta yi."

Mai-Rufi ya durƙusa ya kama ƙafar mutumin, yana kuka kamar yaro. "Don girman Allah, ka yi masa magana. Matata tana da ciki."

Bokan ya janye ƙafarsa. "Ni dillali ne, na haɗa ku na fita. Ko na kira shi ma ba lalle ya zo ba. Aikinka ya yi girma, ya rarraba wa wasu. Su kuwa ni ma ban san su ba."

Mai-Rufi ya zabura ya nufi gungumen da guduma zai zare ƙusarsa. Ya tsaya yana dubawa. Ƙusoshi ne ba iyaka, duk sun yi tsatsa iri ɗaya. Ya zare ɗaya, ya zare biyu, jini yana tsattsafowa daga gurbinsu, har hannunsa ya gaji. Bokan bai ko hana shi ba.

Daga nan ya shiga gudu inda babu wurin gudu. Ya ƙi karɓar sababbin ayyuka, aka riƙa bin sa da su har gida. Ya kwashe iyalinsa ya kai su gidan haya a wata unguwa, ranar da suka tare aka yi taku a saman rufin. Ya je wajen limamin unguwar ya faɗa masa gaskiya, kansa a ƙasa. Liman ya ce, "Ƙofar tuba a buɗe take, amma ba a shiga da kayan sata a ka. Ka rabu da duk abin da ya zo ta wannan hanya, ko cokali kada ka bari." Mai-Rufi ya rabar da motoci, ya rabar da filaye. Da aka zo kan gidan bene sai hannunsa ya ƙi. Ya ce wa kansa ai iyali suna bukatar wurin zama, zai bayar in abin ya lafa.

Matarsa ce ta ga tata alamar da kanta, a madubi, a ƙasan kunne. Ta fito ta same shi a falo, ba ta ɗaga murya ba.

"Baban 'Yar Baba, irin ta Dogo ce ko?"

Ya ɗauko ruwa da sabulu ya yi ta dirza har fatar ta yi ja. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Bari, ciwo kake ji mini. Gaya mini kawai, me ka sayar?"

"Ban sayar da ku ba. Wallahi ban san da ku a ciki ba."

"Ka tambaya?"

Ta ce ya kai ta gidan yayarta, ya kai ta. Ya zauna a ƙofar ɗakin da take yana karanta duk abin da ya iya, yana jin takun yana kai da kawo a sama ba gaggawa. Ta rasu da la'asar, ita da abin da ke cikinta.

'Yar Baba ba ta yi kuka ba. Ta daina cin abinci, ta daina kiran sunan ubanta. Sai ta riƙa zama a tsakar gida tana kallon sama tana hira. Tana cewa, "Sun yi yawa yau. Wancan ya ce katakon bai isa ba." In ta ga uban sai ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayan ƙofa. Yayar uwarta ta ɗauke ta ta tafi da ita nesa. Har yau tana raye, a ɗaure ake ba ta abinci.

Sai a lokacin ya saki gidan, lokacin da babu mai karɓa. 'Yan uwa sun gudu, ko gaisuwarsa ba sa amsawa don kada a lissafa su cikin nasa. Ma'aikatan ba abin da ya ɗaure su da shi, kowa ya ɗauki gudumarsa ya kama gabansa. Ayyukan da ya bari a tsaye suka jawo masa shari'a, aka kwashe abin da ya rage. Wata rana aka gan shi a saman benen yana ɓamɓare kwano da hannu, yatsunsa suna jini, yana ihu, "Ya isa! Na karɓi aikin! Ya isa!" Ya yaye rufin gaba ɗaya don kada a samu wurin takawa. Ruwa ya shiga, bango ya tsage, gidan ya zama kango.

Yana nan a ciki. Ba a taɓa ganin alama a jikinsa ba, kuma na tabbata ba za a gani ba da wuri, don mai ba da aiki dole ya rayu ya ga aikinsa. Mutanen unguwa kan ajiye masa abinci a bakin ƙofa su yi sauri su wuce. Ba mai yarda ya ce masa ɗan uwa ko da wasa.

Kai da kake jin wannan, kana ƙyashin motar maƙwabcinka, ka ji tsoron Allah ka tsaya a kan halalinka ko da kaɗan ne. Duk wanda ya ce zai ba ka dukiya ba tare da ka biya komai ba, ya riga ya leƙa gidanka ya ga abin da zai ɗauka. Kwaɗayi ne zai rufe maka baki a inda ya kamata ka yi tambaya, kuma ranar da ka gane, kukanka ba zai dawo da kowa ba.