Gwangwanin Mai Ƙari

A shekarar da damina ta yi alkawari ta kasa cikawa, aikin 'yan sandan komisariyar Tasawa bai wuce satar akuya da rigimar layin dawar taimako ba. Soji ke mulki, sun kuma yi gargaɗi cewa duk ɓarawon da aka kama sai ya tsaya gaban alƙali. Don haka da wani dattijo mai tabarau ya shigo da safiyar Litinin ya ce an sace masa gwangwani, Insfekta Abdussalamu ya haɗiye dariyarsa.

"Gwangwanin mi, Baba?"

"Na sardin, Mushe Insfekta," in ji shi, da girmamawa irin ta Faransanci.

"Da kifin a ciki?"

"Da muryar matata a ciki."

Insfekta ya ɗago ya dube shi. Sunan dattijon Istifanus, mai gyaran rediyo, ɗaya daga cikin Kiristocin da ke zaune a bakin gari ta hanyar Mayahi. Idanunsa sun yi ja. Insfekta ya ɗauki hularsa. Babu isansi, wato mai, a motar aiki, sai suka taka da ƙafa.

A hanya Istifanus ya warware masa zancen. Matarsa Elizabet ta rasu tun ɗiyarsu Ladi tana goye. Ita ke jan waƙa a majami'a, kuma wani Bature da ya koyar a garin ya taɓa ɗaukar muryoyinsu, ya sa aka buga a faifai a ƙasarsu. Da zai koma gida gaba ɗaya, ya bar wa Istifanus faifan da garmahonsa. Sai dai kan allurar garmahon na daban ne. Wani ɗan naɗin waya ne a ciki yake motsi tare da allurar, kuma wutar da yake bayarwa ba ta kai ta tada lasifika ba. Akwatin da ke ɗaga ta ya lalace tun kafin Baturen ya tafi.

"In ka kasa kunne, kamar sauro a ɗakin maƙwabta," in ji Istifanus. "Shekara da shekaru ina jin ta haka. Ladi kuwa ba ta taɓa jin muryar uwarta ba. An ɗaura mata aure da wani malamin lakwal, makarantar boko, gobe za su tafi Agadas inda aka tura shi. Na yi mata alkawari za ta ji kafin ta tafi."

Shi ya sa ya zauna ya haɗa taransfo da hannunsa, abin da zai ɗaga wutar. Ya ciro siraran faranta na ƙarfe daga matattun rediyoyi, ya samo wayar tagulla mai sirantakar gashi, ya naɗa kaɗan ta wajen shiga, ya naɗa da yawa ta wajen fita. Biyu ya yi, na dama da na hagu. Ya sa su cikin gwangwanin sardin don ƙarfen ya tare ƙugi, ya narka kakin zuma ya cike. Jiya Lahadi ya so ya gwada bayan sujada. Da suka dawo daga majami'a, babu gwangwani.

Ɗakin aikin ƙarami ne. Garmaho yana nan kan tebur, ga amfili mai tura sauti zuwa lasifika, ga batirin mota, ga faifan a cikin rigarsa. Ladi tana tsaye a bakin ƙofa da lalle a hannu, ta gaishe su.

Insfekta ya duba wayoyin da suka rage. Ba a kwance su ba, ba a kuma datse su da filaya ba. An ja su ne an tsinke da wani abu mai lanƙwasa, har ya kankare gefen tebur.

"Batirin nan zai sayi buhun hatsi," in ji shi a hankali. "Ɓarawo ya bar shi, ya ɗauki gwangwani."

"Ai aikin wanda ya san sana'ar ne, ranka ya daɗe."

Wani dogon mutum ne ya yi magana daga tsakar gida. Istifanus ya ce Gado ne, manomi, maƙwabcinsa tun suna samari. Gado ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A aljihun rigar akwai tabo mai maiƙo.

"Ka je wajen Cha'ibu na kasuwa," in ji Gado. "Tuntuni yake hassadar Baban Ladi."

"Mi ya ɓata maka aljihu?"

Gado ya duba. "Man gyaɗa ne."

Insfekta ya gyaɗa kai ya fita.

Cha'ibu, ɗaya mai gyaran rediyo na garin, yana rumfarsa yana hura wa ƙarfen dalma gawayi.

"Ka san gwangwanin Istifanus?"

"Ni? Ban taɓa ganinshi ba."

"Wayar tagullar da ke ciki, a ina ya samo ta?"

Cha'ibu ya sosa ƙeya. "To… wajena. Kuma na leƙa ran Asabar. Tsoro ne, Mushe, yanzu mutum na cewa ya san wani abu sai ya kwana a komisariya. Amma mi zan yi da shi? Duk ƙasar nan, daga nan har Kanan Bakashe, garmaho guda ne zai yi aiki da Mai Ƙari."

"Mai mi?"

"Sunan da tsohon ya ba shi ke nan. Ran Asabar ya fito da shi gindin bishiyar bedi, mutane sun taru, yana ɗaga shi sama kamar jariri ran suna. Yana cewa, ku duba, kaɗan ke shiga, da yawa ke fita! Har na ce masa, to Baba, sa mini dala ta nan in gani."

"Wa ya yi dariya?"

"Kowa, ban da Gado. Shi tambaya ya yi, wai ko mi aka sa kusa da shi zai ƙaru?"

Insfekta ya tsaya yana kallon gawayin. Gyaɗa ba ta yi ba bana, ko bara. Kakin zuma kuwa, in ya ji zafin rana a aljihu, narkewa yake.

Rana ta take lokacin da ya yi sallama a gidan Gado. Maigidan bai dawo ba. Matarsa Uwani tana dakan dussa, yara suna zaune a inuwa ba mai wasa. A kusurwar gidan akwai rumbun ƙasa, an liƙe bakinsa da laka. Insfekta ya taɓa lakar. Saman ya bushe, amma da ya danna yatsa sai ya nutsa.

"Inna, yaushe kuka yi girbi?"

"Girbi?" Uwani ta yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ɗan abin da ya rage ne a gindin rumbun, irin shuka. Jiya da hantsi ya kwashe ruwan shanmu ya kwaɓa laka ya liƙe. Ya ce kada wanda ya buɗe sai ya ce."

Ba a liƙe rumbu sai an cika shi. Insfekta ɗan manomi ne, ya san wannan tun kafin ya san haruffa. A jikin danga kuwa an rataye lauje, da ɗan guntun jar waya maƙale a bakinsa.

Gado ya shigo, Istifanus na bin sa. Ya ga hannun Insfekta a kan lakar, sai ya zauna a ƙasa.

"Kai za ka buɗe, ko ni?"

Gado ne ya buɗe. Ya zura jiki ya fito da gwangwanin, ƙwayoyin gero sun manne a kakin. Insfekta ya leƙa ciki. Hatsin bai rufe gindin rumbun ba.

"Na san ƙarfe ne," in ji Gado, kansa a ƙasa. "Wallahi na sani. Amma kai ka ce, Baban Ladi. Kaɗan ke shiga, da yawa ke fita. Ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. Na ce in ya kwana uku zan mayar maka. Na manta da tafiyar yarinyar nan."

Istifanus ya durƙusa gabansa, hawaye na bin ƙarƙashin tabarau. "Gado, ba ya ƙara komai. Abin da ya ɗaga ta nan, ya rage shi ta can. Bakina ne ya yi yawa." Ya juya. "Mushe Insfekta, na janye ƙarata."

"Ta riga ta isa teburin komisar, shugabanmu, Baba, ba a hannuna take ba. Amma zan gaya wa alƙali abin da na gani cikin rumbun nan, ba zan rage komai ba."

Gado ya miƙe ya miƙo hannuwansa. Insfekta bai taɓa ankwar da ke ɗamararsa ba.

"Mu fara jin abin da aka yi wahalar dominsa," in ji shi.

Suka koma ɗakin aikin, Istifanus ya liƙa wayoyin da dalma. Ya ɗora faifai, ya sauke allura. Aka ji ƙaras-ƙaras, sannan murya ta taso, ta mace, tsabtatacciya, ta cika ɗakin ta fita tsakar gida, sauran mawaƙa suna amsa mata. Ladi ta dafa bango. Can ta ce, "Baba, ashe haka take jan numfashi, kamar ni."

Da waƙar farko ta ƙare, Insfekta ya taɓa kafaɗar Gado, suka fita.

Sun kai gindin bedi sai ya waiwaya. Ladi ta fito da ƙwarya a kai, cike da geron garar aurenta, ta nufi ƙofar Uwani. Gado yana gaba, bai gani ba. Istifanus ya sake ɗora allurar, muryar Elizabet tana biyo su ta kan danga. Insfekta Abdussalamu ya rage sauri, suka tafi a hankali har inda ta daina kaiwa.