Ranar da Moliehi Ta Taɓa Surukinta

"Da gaske ne kin taɓa shi?"

Ko sirdi Mohapi bai sauke wa dokinsa ba. Kwana tara yana saman tsauni wurin tumaki, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, sai yau ya samu ya gangaro, amma gaisuwar da ya yi wa amaryarsa ke nan.

Moliehi ta ajiye muciya. Wata huɗu da aurensu, ba ta taɓa ganin fuskarsa a haka ba.

"Na taɓa shi."

"Mahaifina, Moliehi... mahaifina fa?"

"To in tsaya ina kallo yatsunsa su gasu?"

"Da sai ki kira wani."

"Wa zan kira? Ko kare bai fito ba ranar."

Ya kawar da kai. Ya ce tun a bakin garke uwarsa ta tare shi tana kuka. Har ta aika wa ƙanen mahaifinsa, Ntate Letuka, wato Baba Letuka, cewa gobe da hantsi za a zauna, kuma abin da take nema ɗaya ne: Moliehi ta koma gidan iyayenta.

Ba a ga laifin tsohuwar gaba ɗaya ba. A nan tsaunukanmu na Mokhotlong matar ɗa ba ta kiran sunan surukinta, ba ta zama inda ya zauna, ko bargonsa ba ta ɗagawa, balle fatar jikinsa. Moliehi ta san wannan tun kafin ta iya ɗaura zani.

Sai dai ta san wani abin kuma.

Shekaranjiya da yamma surukin nata, Ntate Khoabane, ya dawo daga neman saniyar da ta ɓace masa, safar hannunsa ta jiƙe sharkaf, yatsunsa sun yi fari fat sun sandare kamar itace. Matarsa, Mme Mamohapi, wato Mama uwar Mohapi, ta yi abin da ta taso ta ga ana yi: ta jawo kaskon wuta, ta kama hannayen ta kara su dab da garwashi tana murzawa. Shi kuwa yana zaune yana cewa a ƙara matsowa, wai bai ji ɗumi ba.

Ina zai ji! Sanyi in ya yi tsanani jini guduwa yake daga yatsu, jijiyoyin su yi barci, ko wuƙa aka sa mutum ba shi da labari. Haka mahaifin Moliehi ya rasa yatsu huɗu tana ’yar shekara goma sha ɗaya, kuma har yau tana tuna faɗan da ma’aikaciyar asibiti ta yi musu: ruwa mai ɗumi kaɗan, ban da wuta, ban da murza.

Sau uku ta faɗa daga bakin ƙofa, kanta a sunkuye. Sau uku Mme ta ce ta kama bakinta. Da ƙaurin fata ya doki hancinta, ba ta san lokacin da ta tsallaka ɗakin ba. Ta janye hannayen daga wuta, ta tsoma su a ruwan wankanta mai ɗumi, ta riƙe su a ciki har suka fara ja, tsohon yana nishi yana cije leɓe. Ta naɗe su da ƙyalle. Tun daga ranar aka hana ta ɗakin.

"Kwana biyu ba a kwance ƙyallen ba," ta ce wa Mohapi. "Ka yi fushinka daga baya. Yanzu ka shiga, ni zan tsaya a waje ina faɗa maka."

Ya dube ta kamar zai musa, sai ya ɗauki kwano ya shiga.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ba ɗakin baya, iska tana yanka mata kunne. Tana jin ƙarar ruwa daga tukunya, tana jiran ta ji an sirka da na sanyi. Shiru. Sai muryarsa, wai ya taɓa, ruwan daidai yake.

Ta ɗaga murya.

"Kada ka sa hannunsa! Da me ka taɓa?"

"Da yatsuna mana."

"Sa gwiwar hannunka."

Ta ji ya ja numfashi da ƙarfi, kwanon har ya yi ƙara. Shekara goma sha biyar yana kiwo a saman tsauni, bai taɓa lura kan yatsunsa sun daina ba shi labari ba sai yau. Saura ƙiris ya ƙona hannun ubansa da kansa.

Ya sirka ruwan. Ta riƙa faɗa yana yi: ya jiƙa ƙyallen kafin ya ɓare, kada ya fasa bororon, ya sa tsumma mai tsabta tsakanin yatsa da yatsa. Ta ce ya tambayi Ntate waɗanne ne ke ciwo. Tsohon ya amsa da kansa, yana magana da bango tunda ba zai yi da ita ba, ya ce takwas suna sukarsa kamar an cika su da allura, ƙanana biyu na hagu ne ba ya ji.

Moliehi ta lumshe ido. Takwas. Ta ce a gaya masa ciwon alheri ne, jini ne ke komawa, biyun kuma sai hanyar asibiti ta buɗe.

Da Mohapi ya fito idonsa ya kaɗa. Ya tsaya kusa da ita yana kallon tafin hannunsa.

"Abar ƙaunata... na ga abin da kika yi. Amma gobe a gaban dattawa, yaya zan ƙaryata wadda ta haife ni?"

"Ai ba ƙarya ta yi ba. Na taɓa shi. Kuma in aka maimaita, zan sake."

"In kika tafi fa?"

"Kai za ka gaya min."

Ya juya ya nufi wurin dokinsa, kuma wannan ya fi faɗan ɗazu yi mata zafi. Ta shiga ɗakinta ta ɗaure kayanta a bargo, don ba ta so a ga tana tattara tsummokara a gaban jama’a.

Washegari da hantsi aka zauna a jikin katangar garke inda rana ke bugawa. Ntate Letuka a tsakiya, Ntate Khoabane a gefe da hannayensa naɗe a kan cinya. Moliehi ta durƙusa can nesa. Mme Mamohapi ta faɗi nata: shekara talatin ta yi a gidan nan ba ta taɓa haɗa ko inuwa da nata surukin ba, yau yarinyar jiya ta zo ta zubar musu da mutunci.

Aka tambayi Moliehi. Kafin ta buɗe baki Mohapi ya miƙe.

"Ntate, ku yafe min. Ban ƙi maganar Mme ba. Amma in matata za ta tafi, dawaki biyu zan ɗaura wa sirdi, kuma ba zan dawo ni kaɗai ba."

Ntate Letuka ya daka masa tsawa ya zauna, ba a zo kansa ba. Mme ta dafe ƙirji tana kallon ɗanta kamar ba ta san shi ba. Moliehi kuwa hawayen da ta riƙe tun jiya suka ɓalle.

Sai Ntate Khoabane ya yi gyaran murya.

"Ana ta magana ba a tambayi mai hannun ba. Yarinyar nan ba ta taɓa ni ba. Ruwa ta kawo, ni na cafke hannunta don azaba na ƙi saki. In akwai tara, a kama tunkiya a garkena."

Duk wanda ke wurin ya san hannun nan ko cokali ba zai iya riƙewa ba a ranar. Moliehi ta ɗago za ta yi magana, Mohapi ya girgiza mata kai a hankali.

Ntate Letuka ya shafa gemu. Ya ce mutum uku ne a ɗakin, biyu maganarsu ake yi, saura shaida. Ya juya ga Mme Mamohapi ya tambaye ta ko haka aka yi.

Tsohuwar ta dubi mijinta. Ta dubi hannayen da ke kan cinyarsa, da ɗan baƙin tabon wuta da ya leƙo ta gefen ƙyalle, wanda ta fi kowa sanin wa ya yi shi.

"Haka aka yi," in ji Mme.

Ta miƙe da ƙyar ta gyara bargonta, ta nufi ɗaki. Da ta zo daidai inda Moliehi ke durƙushe ta tsaya, ba ta dube ta ba.

"Tashi daga ƙasan nan mai sanyi, ’yata. Zo ki nuna min yadda ake sirka ruwan... ni ma hannuna ya daɗe da daina ji."