Baburin Da Aka Turo Daga Madachi

Ranar da Afra'u ta fara ganinsa, tsaye yake a rumfar gyaran babura ta mahaifinta da ke ƙofar gidansu a Rano, hannu biyu cikin aljihu, yana kallon wani babur daga nesa kamar wanda ya zo dubiya asibiti. Fura ta kawo wa Baba, ta tarar ya tafi masallaci.

"Sannu Malam. Gyara ka kawo?"

"A'a, shawara na zo nema wurin Malam Ishiyaku. Babur nake so in saya, na hannu, mai jure dogon zango."

"To ka taɓa shi mana, ai ba ya cizo."

Ya yi murmushi, ya zaro hannun dama daga aljihu. Wani dogon tabo ne ya taso daga tsintsiyar hannun har gwiwa. Kunya ta rufe Afra'u, ta ji da ma bakinta bai yi saurin nan ba.

"Shekara shida rabona da hawa," ya ce a hankali. "Faɗuwa na yi, tun daga nan ban sake ba."

Sunansa Shamsuddeen, mutumin Kahu ne ta ƙasar Kibiya. Ya koyi gyaran famfon sola a Kano, kuma wani kamfani ya ɗauke shi aikin zagaya ƙauyuka, daga Rurum har can wajen Ningi, bisa sharaɗin ya zo da abin hawansa. Abin da ke hannunsa kuwa bai kai ko kusa da sabo ba.

Afra'u malamar Islamiyya ce, ko sifana ba ta taɓa riƙewa ba. Amma tagar ɗakinta na kallon rumfar nan, kuma tun tana rarrafe take jin kukan inji. Don ta wanke kunyarta sai ta ce, "In za ka duba na hannu, ka je da sassafe. Ka ɗora tafin hannunka a kan injin kafin a tayar. In ka ji ɗumi, mai shi ya riga ya tashe shi ne don kada ka ji tarin da yake yi da safe."

Shamsuddeen ya dube ta sosai. "Ashe bakanike biyu ne a gidan."

Da yamma saƙonsa na farko ya shigo, bayan ya samo lambarta ta hanyar da har yau bai faɗa ba.

"Bakanikiya, na gode da shawara. In da hali ina son ƙarin darasi."

Ta karanta sau huɗu kafin ta ba da amsa.

"Darasi sai da rajista, Mai Sola. Ana yin ta a zauren gidanmu bayan la'asar."

Haka aka fara. Ya riƙa zuwa a motar haya, su zauna a zaure ana hirar taya da ceni da baƙin mai, har hirar ta bar kan babur ba tare da sun lura ba. Wata rana ya ce mata, "Kin san har yanzu in na kama kan babur hannuna rawa yake yi? Ban taɓa gaya wa kowa ba." Ranar Afra'u ta tabbatar ta kamu, don ji ta yi kamar ita ce ta faɗi shekara shida da suka wuce.

Malam Ishiyaku yana son yaron. Shi ya koya masa ya girgiza tayar baya ya ji ko tana wasa, ya sa yatsa a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ya ga ko zai fito da maiƙo. Amma ranar da aka kai masa maganar aure, ajiye sifana ya yi, ya kira Afra'u tsakar gida.

"Ban ƙi shi ba, Afra'u, yaron kirki ne. Amma 'ya ɗaya na zaunar takaba saboda babur, ba zan zaunar da ta biyu ba."

"Baba, ai aikinsa ne."

"Ya nemi wanda ba na kan hanya ba. Kuma wanda ya daɗe bai hau ba ya fi ɗan koyo haɗari. Ɗan koyo ya san bai iya ba, shi kuwa hannunsa na gaya masa ya iya."

Afra'u ta dubi yayarta Ramlatu da ke zaune a gefe tana tsintar shinkafa, kanta a ƙasa. Shekara huɗu ke nan da mijin Ramlatu, Amiru, ya bar wannan rumfa a kan baburinsa. Baba ya ce masa wayar birkin gaba ta kusa tsinkewa, ya bari sai gobe a canza. Amiru ya yi dariya ya ce, "Kibiya ce fa Baba, nan da nan. Zan lallaɓa." Bai isa Kibiya ba. Ba a maimaita wannan magana a gidan, ko Shamsuddeen Afra'u ba ta taɓa gaya wa ba.

Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. In Shamsuddeen ya bar babur, ya bar aikin da zai riƙe ta da shi. In ya saya, ya rasa ta. Ta ɗauki waya ta rubuta masa.

"Mai Sola, Baba ya ce a'a. Ban san abin da zan yi ba."

"Kada ki yi kuka, Bakanikiyata. Kamfani sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Zan sayi baburin, in ci gaba da roƙon Baba. Ba na jin zan iya barin ko ɗaya a cikinku."

Cikin wannan hali Mahdi ya shigo maganar. Mahdi dillalin babura ne a bakin kasuwar Rano, mai ƙamshin turare da saurin baki, kuma ya daɗe yana aiko wa Afra'u gaisuwar da ba ta amsawa. Shi babur sayarwa kawai yake yi, a mota yake yawo, abin da yakan tabbatar Malam Ishiyaku ya ji. Shi ya nuna wa Shamsuddeen wani jan babur, babba, mai faffaɗan tanki, fenti na ƙyalli, a farashin da ya yi daɗin ji fiye da kima.

Shamsuddeen ya turo mata hotonsa. "Kin ga angon? Injin kamar agogo, bugu ɗaya ya tashi."

"Ƙarfe nawa ka je?"

"Bayan azahar. Ya ce da safe ba ya nan."

Afra'u ta san abin da hakan ke nufi. Washegari kafin ta wuce makaranta ta ja Ramlatu suka biya ta shagon, daidai lokacin da Mahdi ke fito da babura. Ya washe baki da ganinta.

"Yau wace rana! Afra'u da kanta?"

"Jan nan nake so ka tayar min, Mahdi."

"Bari ya ɗan sha rana tukuna."

"Yanzu dai."

Sai a bugu na tara ya tashi, yana tari, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na fita ta baya. Afra'u ta durƙusa ta shafa wuyan baburin, inda kai ya haɗu da gangar jiki. A ƙarƙashin sabon fentin ta ji tudun walda. Baburin ya taɓa karyewa gida biyu, aka ɗinke shi aka yi masa kwalliya.

Ta miƙe tana karkaɗe hijabi. "Ka ji tsoron Allah, Mahdi. Mutum zai hau wannan har Ningi."

Kafin ta tashi daga aji, Mahdi ya riga ta. Ta tarar da saƙon Shamsuddeen a wayarta.

"Mahdi ya ce da sassafe kika je gaishe shi, har kun daɗe kuna hira. Na gane. Shi mota gare shi, Baba ba zai hana ba. Allah ya sa hakan ya fi alheri."

Ranta ya ɓaci matuƙa, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Nan take ta rubuta masa.

"Baburinka na je dubawa, ni da Yaya Ramlatu. Bugu tara ya tashi, kuma akwai walda a wuyansa. Ka zarge ni yadda kake so, ka daina kula ni in ka ga dama, amma don girman Allah kada ka hau jan nan."

An karanta, ba a amsa ba.

Kwana uku babu saƙo, babu kira. Afra'u ta daina cin abincin kirki. Duk kukan babur da ya ratso layinsu sai ta tsinci kanta a taga. Ramlatu ce kaɗai ta san irin wannan sauraron, sai ta zo ta zauna kusa da ita.

Rana ta huɗu, wajen azahar, rana na dukan ƙasa, ta ji masu shayi na bakin titi suna tsokanar wani.

"Malam, mai ne ya ƙare? Ga 'yan bumburutu can!"

Ta leƙa. Shamsuddeen ne, rigarsa sharkaf da gumi, ƙura har gwiwa, yana turo wani tsohon baƙin babur da fentinsa ya koɗe, an ɗaure kujerarsa da roba. Hular kwano sabuwa fil na rataye a hannunsa. Ya jingina baburin a bakin rumfa, ya durƙusa ya gai da Baba.

"Ina ka samo wannan tsohon?" Malam Ishiyaku ya tambaya.

"Madachi, Baba. Wani tsohon malamin makaranta ne ya ajiye hawa. Da sassafe na je, na taɓa injin na ji shi sanyi ƙalau."

Baba ya buga. Bugu ɗaya ya tashi, da wani irin kuka mai laushi wanda ko daga taga Afra'u ta san lafiyayye ne. Baba ya girgiza tankin, ya ji mai na motsi a ciki. Ya kashe, ya juyo yana duban yaron.

"Inji lafiya, mai a tanki. Daga Madachi ka turo shi a ƙafa?"

"Eh, Baba."

"Tsoron hawa ne ya dawo?"

"A'a, na hau. Har na ɗan yi nisa, hannuna ma ya daina rawa. Sai na ji birkin gaba ba ya kamawa yadda ya kamata."

"Na baya fa?"

"Yana kamawa."

"To ai da ka lallaɓa. Madachi ce fa, nan da nan."

Afra'u ta riƙe ƙarfen tagar. Ta san daga inda Baba ya ɗauko wannan magana.

Shamsuddeen ya share gumi da bayan hannu. "Na yi wannan tunanin, Baba. Sai na tuna akwai wadda ke jira ta ji na iso. Gara a yi min dariya a hanya."

Malam Ishiyaku ya dubi baburin, ya dubi yaron. Shekara arba'in yana gyaran babur, bai taɓa ganin saurayi ya turo mai tashi ba. A bayan ƙyauren zaure wani sauti ya fito, Ramlatu ce ta toshe baki da mayafi tana kuka. Ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Baba, don Allah ka ba shi."

Baba bai juya ba. Ya matsa birkin ya saki, ya sake matsawa. Sannan ya ce, "Bar shi nan. Ka dawo jibi."

Da la'asar saƙo ya shigo.

"Bakanikiyata, na je na shafa waldar da hannuna. Kunya ce ta hana ni magana, ban san da wace fuska zan dube ki ba. Ki yafe min."

"Na yafe, Mai Sola. Amma kwana ukun nan sai ka yi shekara kana lallashi."

Bayan kwana biyu ya dawo, Afra'u na taga tun hantsi. An canza wayar birki, an sa sabon ceni, an ɗinke kujera. Shamsuddeen na zagaya baburin yana godiya, sai ya tsaya cak. Ranar da ya turo shi, babu wurin ɗora ƙafar mai zaman baya, tsohon malamin ya daɗe da cire su. Yanzu ga su nan guda biyu, sababbi, an ɗaure su tamau.

Ya ɗago ya dubi Baba. Baba na goge hannu da tsumma, yana kallon wani wuri daban.

"Ka gaya wa magabatanka ina jiransu ranar Juma'a."

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura auren a ƙofar gidan, rumfar gyara ta cika da baƙi daga Kahu da Rano, har da tsohon malamin Madachi da ya zo ganin inda baburinsa ya samu gida. Ramlatu ce ta yi wa ƙanwarta lalle, ita ta fara rangaɗa guɗa. A mota aka kai amarya, amma da suka zo gaida iyaye bayan sati biyu, a kan baƙin tsohon suka zo, kowa da hular kwanonsa.

Da za su koma, Baba ya rako su har bakin rumfa. Ya kai hannu ya matsa birkin gaba, ya saki.

"Duk ranar da ka ji ya ƙi kamawa, Shamsuddeen..."

"Zan turo, Baba."

"Tare za mu turo," Afra'u ta ce daga baya.

Baba ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Allah ya yi muku albarka. Ya kai ku lafiya, ya dawo min da ku lafiya."

Suka amsa da amin. Ya tsaya nan yana sauraron kukan injin har ya ɓace a hanyar Kibiya, bai koma ciki ba sai da wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

"Baba, mun iso."