Kwanon da Adawiyya ta Ɗauke

"Wannan shi ne abincin da kike ba shi?"

Inna Gaji ta ɗaga murfin kwanon, ta leƙa, ta mayar. Faten wake ne da zogale, sai dafaffen kifi a gefe, babu ko ɗigon mai a samansa.

Adawiyya ta ƙara sunkuyar da kai. "Shi ne, Inna."

"Shi ya sa! Tun daga ƙofa na ga wuyan Auta kamar na zakara. Ashe yunwa ake gana masa a Yalwawa!"

Yahuza, mijin Adawiyya, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Inna, ai ina ƙoshi..."

"Rufe min baki!"

Da hantsi Inna ta iso daga Buji, ba ta ko huta ba ta shiga madafa. Kafin azahar ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da tantaƙwashi, ta buɗe kwalbar man shanun da ta taho da ita ta kwarara har ya kwanta a saman miyar. Ta dire kwanon a gaban ɗanta.

"Ci ina kallo."

Ƙamshin ya cika ɗakin. Adawiyya ta dubi mijinta.

Wata biyu ke nan tun ranar da Yahuza ya dawo daga walimar abokinsa, ya durƙushe a tsakar gida riƙe da ciki yana amai, yana cewa kamar an soka masa wuƙa ta ɓullo ta baya. Kwana tara suka yi a asibiti. Likita ta ce wata 'yar tsoka ce a bayan tumbi, fankiriyas, ta kumbura saboda kitse ya yi yawa a jininsa, kuma idan ciwon ya dawo zai iya fin na farko muni. Yahuza ne ya roƙi Adawiyya kada a gaya wa Inna, saboda hawan jininta. Aka ce mata zazzaɓi ne.

Yanzu ga shi ya wanke hannu, ya gutsuro loma, yana satar kallon matarsa da idon ban haƙuri.

Adawiyya ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta sa hannu biyu ta ɗauke kwanon.



"Ke!" Inna ta daka mata tsawa. "Abincin da na dafa wa ɗana da hannuna?"

"Ki gafarce ni, Inna... ba zai ci ba."

"Adawiyya, loma ɗaya ce fa," Yahuza ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ko rabi, masoyina. Wallahi ko rabi!"

Inna ta jawo mayafinta. "To, tashi mu tafi Buji. Tunda an raba ka da abincin uwarka, saura a raba ka da uwar."

Adawiyya ta ajiye kwanon a bayanta, ta durƙusa. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, sai yau.

"Inna, ba zazzaɓi ya yi ba."

"Adawiyya!"

"Ka bari in faɗa. Na gaji da riƙe shi ni kaɗai." Hawaye suka zubo mata, amma muryarta ba ta karye ba. "Kwana uku ko kunu bai iya sha ba, Inna, sai ƙarin ruwa. Na ga an sa masa robar numfashi a hanci. Ya riƙe hannuna yana ba ni wasiyya, yana cewa in nema masa gafararki. Likita ta ce babu man shanu, babu kitse, babu soye-soye, babu sigari. Kaɗan-kaɗan zai riƙa ci, ya sha ruwa sosai, ya sha magani, ya taka ƙafa kullum. Ni ma abin da yake ci nake ci. Ki yi fushi da ni, ki kore ni ma in kin so, amma ba zan sake ganin sa a kan gadon nan ba!"

Inna ta juya a hankali. "Auta... gaskiya ne?"

Yahuza ya share lomar daga hannunsa, idonsa ya yi ja. "Gaskiya ne, Inna. Ni na hana ta faɗa. Yanzu ma tsoron ɓacin ranki ne ya sa na miƙa hannu. Ita ta fi ni ƙarfin hali."

Tsohuwar ta koma ta zauna daɓas. Ta daɗe tana salati, hawaye na bin kuncinta. Can ta miƙa hannu ta kamo Adawiyya.

"Taso, 'yar nan. Da na kashe shi da hannuna ina cewa gata nake masa... Yaushe za ku koma wajen likitar?"

"Ranar Talata, Inna."

"Da ni za a je."

Haka kuwa aka yi. Inna ta zauna gaban likita ta jero tambayoyi: fura fa? Ƙuli-ƙuli fa? Naman Sallah fa? Likita na amsawa, tana maimaitawa don kada ta manta. Da sakamakon gwajin jini ya fito, likita ta yi murmushi ta ce kitsen ya sauka sosai, a ci gaba da abin da ake yi.

A bakin ƙofar asibiti, suna jiran adaidaita, Yahuza ya matso kusa da matarsa.

"Zuciyata, da me zan biya ki?"

"Ka tsufa tare da ni," ta ce a hankali. "Shi kaɗai nake so."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba, tana gyara mayafi. Sai da suka shiga suka zauna ta nuna ɗanta da yatsa.

"Kai kuma, duk ranar da ka saɓa wa yarinyar nan a kan abinci, ba sai ta yi magana ba. Da ƙafata zan taho daga Buji!"

Adawiyya ta rufe fuska da hijabinta, tana dariya tana kuka.