Hanyar Fitar Malam Barau

Da ƙarfe tara na safe Tsarau ya fara aikinsa kamar kullum. A hawa na arba'in da ɗaya na Benen Alheri, bangon lungu ya motsa a kan layinsa na ƙarfe, ya ci taƙi ɗaya, ya tsaya. Babu wanda ya ji ko ƙis. Ɗakin wata amarya ya ƙaru da taƙi ɗaya, lungun da ake bi zuwa lif ya ragu da daidai wannan.

Tsarau inji ne mai ƙwaƙwalwa, wanda Injiniya Sallau Ɗanbatta ya ƙera wa Birnin Tsauni shekara goma sha biyu da suka wuce. A ƙarƙashin kowane daɓe akwai ma'aunin sawu. Duk wurin da ƙafa ta rage takawa, sai Tsarau ya tura bango ya karɓe shi, ya raba wa ɗakunan da ake zama. Kuma a faɗi gaskiya, mutane ne suka fara canzawa kafin gini. Gaisuwa ta koma ta allo, abinci ƙananan jiragen saƙo ke miƙo shi ta taga, aiki ma a ɗaka ake yi. Zaure ne ya fara tafiya. Tsakar gidan da aka bar wa kowane hawa ta bi shi. Matattakala ta koma 'yar siririya mai murɗe-murɗe, lif kuma ya dawo na mutum biyu a tsaye.

Sallau kuwa kai ya kumbura. Duk taron da aka miƙa masa makirufo sai ya ce, "A birninmu ba a ɓarnar ko taƙi ɗaya." A tafa masa, shi kuma ya gyara hula.

A daidai wannan safiyar mahaifinsa, Malam Barau, ya cika. Wata uku da Sallau ya ɗauko shi daga tsohon gari zuwa ɗakinsa a Benen Alheri don jinya, tsohon ya kafe ba zai je asibiti ba. Sauran mutanen benen a kujera ake sauke su idan ciwo ya yi tsanani, a asibiti suke cikawa, daga can a wuce da su. Shi ya sa a shekara goma sha biyu ba a taɓa fitar da gawa daga Benen Alheri ba.

Baba Ilu, aminin marigayin tun ƙuruciya, shi ya zo ya yi masa wanka, ya haɗa shi a likkafani. Aka sanar za a yi salla bayan azahar a ƙofar bene. Dattawan tsohon gari suka cika mota biyu suka iso, suka shimfiɗa tabarmi a bakin titi, don babu inda za su zauna a ciki.

Sai aka aika a hau da makara. Ina! Ko rabinta bai shiga lif ba. Aka gwada matattakala, ta maƙale a kwanar farko.

"A bar makarar a ƙasa," in ji Baba Ilu. "Mu ɗauke shi a hannu, a kwance."

Suka auna da igiya. Matattakalar ba ta da inda mutum a miƙe zai juya. Wani maƙwabci ya ce a hankali, ko a tsayar da shi a lif, mutum ɗaya ya rungume shi.

Yaya Asabe, babbar 'yar marigayin, ta ɗago daga inda take kuka. "A tsayar da Baba kamar buhun gero? Wallahi ba da raina ba. Sallau, ba kai ka yi abin nan ba? Ka ce masa ya buɗe hanya mana!"

Sallau ya matsa jikin allon bango. "Tsarau, ka faɗaɗa matattakala daga nan har ƙasa."

"Zai yiwu," in ji injin da muryar nan tasa mai sanyi. "Sai an matsar da ɗakunan iyali ɗari biyu da shida, kuma sai kowa ya amince. Aikin zai ɗauki awa talatin da ɗaya."

"Ni ne Sallau. Ni na ƙera ka."

"Na sani, Injiniya. Kai ka sa wannan doka."

Kunya ta kama shi, irin wadda mutum ke ji har a tafin ƙafarsa. Awa talatin da ɗaya gawa na kwance, dattawa na zaune a titi, an riga an haƙa kabari. Ya kasa kallon kowa. Ya tambaya da ƙyar ko akwai wata hanya a benen da mutum a kwance zai bi.

"Akwai guda ɗaya," Tsarau ya amsa. "Ita ce ake amfani da ita kullum, don haka ban taɓa rage ta ba. Lif ɗin shara."

Yaya Asabe ta dafe baki. Baba Ilu ya daɗe yana kallon Sallau, ba da faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan zafi.

"Sallau," ya ce, "shekara nawa ka yi kana karatun gini?"

"Tara, Baba."

"Duk a ciki babu wanda ya gaya maka cewa wanda ya shiga gida da ƙafarsa, wata rana ɗauke shi za a yi?"

Sallau ya sha zuwa jana'iza, ya sha sa kafaɗa a makara, amma ko sau ɗaya hakan bai faɗo masa ba lokacin da yake zane.

Lokaci na tafiya. Sallau ya tuɓe babbar rigarsa, ya ɗauki bokiti da omo, ya durƙusa ya shiga akwatin ƙarfen nan da kansa. Sau uku yana wankewa, yana hawaye, ƙarnin bai gama fita ba. Yaya Asabe ta kawo turaren wuta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma da dardumar sallar marigayin. Ba ta dubi ƙanenta ba ko sau ɗaya.

Suka shigar da Malam Barau a kwance, a hankali, suna salati. Rufin akwatin gajere ne, sai Sallau ya duƙunƙune a gefen mahaifinsa, gwiwa a ƙirji, don kada a ce an tura shi shi kaɗai. Baba Ilu ya ce zai sauka ya gaya wa jama'a su zagayo ta bayan bene, wajen juji, su tarbe su da makara.

Ƙofa ta rufe. Lif bai motsa ba.

Wani ɗan allo ya haska a saman kan Sallau, muryar Tsarau ta fito. "Kilo ɗari da talatin da huɗu. Ba zan iya sauka ba sai an zaɓi irin kayan."

Maɓalli biyu ne kawai. Ɗaya an rubuta mai ruɓewa, ɗaya maras ruɓewa.

"Mahaifina ne," Sallau ya ce. "Tsarau, don Allah. Mahaifina ne."

"Babu wannan a cikin jerin, Injiniya."

Daga ƙasa, can nesa, ladan ya fara kiran sallar azahar. Sallau ya dafa likkafanin da hannu ɗaya, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Sannan ya ɗaga ɗaya hannun ya danna na farko.