Ranar da Aka Ajiye Tankin Feshi

A gindin mangwaro, bakin wata babbar gonar tumatir kusa da Tiga, Muhuyi ya fara ganin Badiyya. Ta kawo wa yayanta Nazifi fura, ta tarar da Muhuyi tsaye yana yi wa 'yan ƙwadago bayani: su haɗa kai su kafa ƙungiya, a daina sa su feshin maganin ƙwari ba safar hannu, ba takunkumi. Da idonsu ya haɗu, sai ya manta inda ya tsaya, har mutane suka yi dariya.

Kafin damina soyayya ta yi ƙarfi. Yana ce mata Tauraruwa, ita kuma tana tsokanarsa da Shugaba.

Sai dai mahaifinta, Malam Isyaku, shi ke kula da leburorin gonar. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai tayar da fitina a inda yake neman abinci ba. Badiyya ta yi kuka, amma ba ta yi masa musu ba.

Ana cikin haka Nazifi ya kwanta. Tari ya sarƙe shi, aka kai shi asibiti Kano, likita ya ce maganin feshi ne ya ci masa huhu. Ma'aikata suka kafa ƙungiyar, suka ajiye aiki. Dillalan tumatir na Kwanar Dangora suka ce ba za su ɗauki kwando ɗaya na gonar ba sai an zauna da ƙungiya.

Mujitaba, direban babbar motar gonar, ya daɗe yana son Badiyya. Shi ya zo ya faɗa mata an ga Muhuyi cikin motar Alhaji mai gonar, an saye shi. Nan take ta rubuta wa Muhuyi saƙo a waya:

“Shugaba, yayana yana kwance kai kana cikin motar Alhaji? In gaskiya ne, kada ka ƙara kirana.”

Ya amsa:

“Tauraruwata, gaskiya ne na shiga. Asibiti na kai shi ya ga Nazifi da idonsa. Ban ci amanar kowa ba. Ki sa mu a addu'a.”

Ba ta yarda da maganarsa ba. Washegari Nazifi ya rasu.

Bayan addu'ar uku Malam Isyaku ya kira ta. Ya ce yana bakin gadon Nazifi lokacin da Muhuyi da Alhaji suka shigo, kuma Muhuyi bai sake barin wurin ba har Nazifi ya cika.

Ranar zaman sulhu an ajiye wa Malam Isyaku kujera kusa da Alhaji. Ya wuce ta, ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar leburori. A zaman aka amince da kayan kariya, da magani ga duk wanda feshi ya taɓa.

Da yamma Badiyya ta samu Muhuyi a ƙofar gidansu.

“Ka yafe mini,” ta ce, kanta a ƙasa.

“Ban taɓa riƙe ki ba. Ni ma ɗan'uwa na rasa.”

Bayan girbi aka ɗaura aure, ba kiɗa ba guɗa. Da za a tafi da amarya, mahaifiyarta Uwani ta riƙe hannunta tana hawaye, ta dubi ango.

“Muhuyi, ɗa namiji ɗaya gare ni, Allah Ya karɓi abinsa. Yanzu kai ne. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya.”

Malam Isyaku ya ce amin.