Gayyar da Barau Ya Kai Gonar Nagode

Barau na zaune a ɗakin mahaifiyarsa, tuwon dawa ya huce a gabansa bai taɓa ba. Wata biyu ke nan da dawowarsa Bakura bayan shekara shida yana yawo. Ya yi lebura a Ikko, ya yi kwandasta a Kaduna, ya sayar da agogo a Yamai, amma duk inda ya sauka sai ya ji kamar abin da yake nema yana gari na gaba.

"Ɗan nan, ci abinci," in ji Inna Lantana. "Tunanin ɗiyar Liman ba shi cika ciki."

"Inna, gobe Litinin ce fa gayyar. In ta ɓaci, shi ke nan."

Zuwaira ɗiyar Liman Bube ta kori manema uku tana jiran sa. Liman bai ce a'a ba, amma matarsa Barira ta kafe, ba za ta ba mai ƙafar yawo ɗiyarta ba. Da ƙyar aka tsaya a kan magana ɗaya: ya yi gayyar suruki kamar kowane ɗan gari, a nome gonar Liman kafin Juma'a.

"Ka dai tambayi inda gonar take?"

"Haba Inna. Daga tsamiya ka miƙe gabas."

"Wace tsamiya? Katafilar masu aikin dam ta baje komi, ba itace ba gamba. Yanzu turaku ne da lamba."

Kunya ta hana shi tambayar kowa. Yaya za a ce mai neman aure bai san gonar surukinsa ba?

Washegari ya ja samari ashirin da makaɗi. Fili ne shimfiɗe iri ɗaya iya ganinka, su ma samarin ba su saba da sabon rabon ba. Ya ƙiyasta inda tsamiya take a da, ya nuna. Kafin azahar sun share gona tas.

Sai ga tsohuwa Nagode, wadda 'ya'yanta suka tafi cin rani ba su dawo ba, tana dogara sanda, tana kuka tana sa albarka. Gonarta ce. Ta Liman na can gaba da turaku biyu, ciyawa har gwiwa.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. "Ɗan Ikko ya yi wa Nagode gayya, saura a sa rana!" Barira kuwa cewa ta yi, wanda bai gane gona ba ina zai gane hanyar gida. Samari sun ci tuwon gayya, kowa ya koma tasa gonar.

Ranar Talata ya ɗaure jakarsa zai bi motar kasuwar Mafara. Ya biya ta zauren Liman, Zuwaira ta fito, idanunta sun yi ja.

"Tahiya kuma?"

"Ba ni iya zama garin ga, Zuwaira. Kowa dariya yake mani."

"Ni shekara shida ake mani dariya saboda kai, ban tahi ko'ina ba." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Turken Baba lamba arba'in da bakwai ne — in kana son sani."

Yana nan tsaye har ya ji motar ta yi oda ta wuce.

Kwana uku yana noman gonar Liman shi kaɗai. Hannuwan da suka manta hauya suka yi kanta suka fashe. Kullum Nagode ke kawo masa fura, ta zauna bakin kunya tana tsokanar sa da "angona". Shi kuwa ya dubi rana, ya dubi ragowar ciyawa, ya ci gaba da noma.

Da hantsin Juma'a Liman ya zo, ya zagaya gonar a hankali.

"Ba ka gama ba."

"Ban gama ba, Malam."

"To, rana ta cika. Mi za ka yi?"

Barau ya sunkuyar da kai. "Ko an ba ni ko ba a ba ni ba, gobe ina nan sai na ƙare ta."

Liman ya daɗe yana kallon hannuwan Barau. "Noma kowa na iya yi mani shi. Uwarta tsoro take ka gudu ranar da abu ya yi ɗaci. Ya yi ɗaci, ga ka nan. Ni zan gaya mata."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Nagode ce ta fara rangaɗa guɗa, tana cewa ta bar wa yarinya mijin.

Barau bai sake ɗaure jaka ba. Ya gane kwanciyar ran da ya bi gari gari yana nema ba ta samuwa ga mai gudu. Sai mutum ya tsaya inda ya ji kunya, ya haƙura, ya ƙarasa abin da ya fara.